Durom ɗin raba garin katako: nawa yana tofar da ƙura, ina na kuskure?

Auwalu Kafinta (Yalwa, Bauchi):
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfa: injin yanka, injin filena, sai na sanfefa na hannu. Tun da aikin kicin da wadrof na MDF (allon da ake yi da garin katako da gam) ya yi yawa, ƙura ta hana mu sakat. Da yamma in na fyace hanci, kalar katakon da na yanka ranar nake gani a hankici. Yarona Isiya kwanansa uku yana tari.

Na sayi tsohuwar bulowa, wato injin fanka mai zuƙar ƙura, mai ƙarfin doki 2, da buhu a bakinta. Tana zuƙa da kyau, amma ɓawon filena yana shaƙe fankar, ran nan ma wani guntun katako ya lanƙwasa mata fiffike ɗaya. Sai na ce bari in sa durom a tsakanin inji da bulowa, gari ya riƙa zama a ciki kafin iska ta wuce. Na samo shuɗin durom na roba mai lita 200 a kasuwar Muda Lawal, na huda murfin wuri biyu, na zura fayif mai inci 4 a kowane rami, duka suna kallon ƙasa. To ga abin da ke faruwa: manyan ɓawo suna zama, amma garin kusan rabi yana wucewa buhu. In durom ya kai rabi kuwa, har wanda ya riga ya kwanta sai ya taso. Kuma in tiyo ya toshe, gefen durom ɗin lotsawa yake yi. Ina na kuskure?

Baba Ɗanjuma (Railway, Bauchi):
Wa alaikumus salam. Auwalu, shekarata 41 a sana'ar nan, injin raba ƙurata tsintsiya ce da shebur, kuma ga ni nan da raina. Ka yayyafa ruwa kafin shara, ka saya wa yaron gwangwanin madara ya sha da daddare, ta wanke masa ƙirji. Kuɗin fayif ɗin nan da ƙusa ka saya.

Auwalu Kafinta:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma lokacinku da zarto da filenar hannu kuka fi aiki, ɓawo ne ke faɗuwa ƙasa. Wannan MDF ɗin gari yake yi kamar fulawa.

Injiniya Kabiru (Tudun Wada, Gombe):
Malam Auwalu, ba ka yi asara ba, fayif ɗaya ne ka juya ba daidai ba. Ka tuna yadda mata ke sheƙa: tsaba tana da nauyi sai ta faɗi kusa, ƙaiƙayi iska ta ɗauke shi. Kai kuma ka sa iska tana dukan tsabar kai tsaye daga sama, dole ta watse. Fayif ɗinka na shiga yana hura tarin garin, na fita yana gefensa yana jiran abin da ya taso.

Abin da ake so shi ne guguwa a cikin durom. Iska ta shigo ta gefe, tana shafar bango, ba ta nufi tsakiya ba. Da ta fara zagayawa, duk abin da ya fi iska nauyi sai ya manne da bango, ya rasa gudu, ya gangara ƙasa. Iskar kuma, da yake ba ta da wata mafita, sai ta juyo ta tsakiya ta haura ta fita. Shi ya sa fayif ɗin fita dole ya zauna a tsakiyar murfi cif, ya ɗan leƙo ciki har ya wuce bakin na shiga kaɗan, don kada iska ta yi yanke.

Kuma ba baƙon abu ba ne. Je ka wurin masu babban injin niƙa ko masu haɗa abincin kaji, ka ɗaga kai, za ka ga wani mazurari na ƙarfe da buhu ɗaure a gindinsa. Shi ne wannan. Masana'antun siminti ma da irinsa suke aiki, nasu dai ya kai tsawon bene.

Musa Mai Walda (Jekadafari, Gombe):
Wannan mazurarin na yi wa masu niƙa ya fi goma. Ka kawo faɗin da kake so in naɗe maka da falan ƙarfe, in buga ribit. Ka daina wahala da roba.

Injiniya Kabiru:
Oga Musa, da wane awo kake yi?

Musa Mai Walda:
Da ido, Injiniya. Da kwali nake fara yankawa, in ya zauna sai in ɗora a kan ƙarfe.

Injiniya Kabiru:
Idonka ya ƙware, ban musa ba, amma akwai awo sananne. Wanda ake yawan sa wa injinan gurzar auduga a Amurka, tsawon gangar sama daidai yake da faɗinta, tsawon mazurarin kuma ninki uku na faɗin. A ce faɗi santimita 40 ne: ganga 40, mazurari 120, ka ga 160 ke nan. Ɗora shi a kan durom mai kusan santimita 90, an kai mita biyu da rabi, ba a ma sa gwiwar fayif ta sama ba. Malam Auwalu, rumfarka ta kai haka?

Auwalu Kafinta:
Ina! In na miƙa hannu ina taɓa kwano.

Sadiq Furniture (Fadaman Mada):
To ka bar maganar mazurari, ka yi faifai. Ni shi nake amfani da shi shekara biyu ke nan. Wani Ba'amurke ne mai suna Phil Thien ya fito da dabarar, kuma duk kafinta zai iya yi da guntun filawud. Ka yanka faifai daidai faɗin cikin durom. Sai ka rage bakinsa da ɗan abin da ya ɗara inci ɗaya, amma ba duka zagayen ba, kashi biyu cikin uku kawai, wato digiri 240. Ragowar kashi ɗayan ka bar shi ya taɓa bango. Ka rataye shi a ƙarƙashin murfi da dogayen kusoshi masu noti guda uku, ratar ta ɗan fi faɗin fayif ɗin shiga. Wurin da ba ka rage ba shi zai zauna daidai inda iska ke shigowa.

Guguwar sai ta riƙa yi a saman faifan, gari ya zurara ta wannan siririyar ƙofar ya faɗa ƙasa, kuma iska ba ta da hanyar da za ta sake kwaso shi. Matsalarka ta tasowar gari in durom ya kai rabi, maganinta ke nan.

Musa Mai Walda:
Faifai kuma? Sadiq sai ka ce bakace za mu yi. Mazurari ya fi kama gari mai laushi, a tambayi Injiniya.

Sadiq Furniture:
Ka ce dai kasuwarka kake karewa, Oga.

Musa Mai Walda:
To da ta wa zan kare?

Injiniya Kabiru:
Kowa da gaskiyarsa. Mazurarin da aka yi a kan awo ya fi kama mai laushi, domin yadda yake tsukewa ƙasa yana ƙara wa juyin ƙarfi. Faifai kuma ba ya cin wuri, ba ya cin kuɗi, kuma a ɓawon filena da garin zarto bambancinsu ba shi da yawa. Mai rumfa irin ta Malam Auwalu faifai zan ce ya fara da shi.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan gardamar muhimmanci, kuma shi ne ke kayar da yawancin masu haɗawa a gida: yoyon iska. Cikin durom ɗin nan a zuƙe yake. Ko ƙaramar kafa ce a bakin murfi, iska za ta kutso ta nan da gudu, ta bi ta cikin garin da ya kwanta ta ɗaga shi. Sai mutum ya yi ta zargin faifai ko mazurari alhali murfi ne bai zauna ba.

Auwalu Kafinta:
Lallai kam. Murfina ɗora shi kawai nake yi in danne da bulo. Yaya zan gane inda yake yoyo?

Sadiq Furniture:
Kunna maganin sauro na igiya, ka tada bulowa, ka bi bakin murfin da shi a hankali da duk inda fayif ya shiga. Inda ka ga hayaƙi ya karkata ya shige, nan ne. Ni tsohon tiyub na mashin na tsaga na manna a bakin da gam, ramukan fayif kuma na bi su da silikon. Amma ka juye garin tukuna kafin ka kawo wuta kusa, kada a ce ni na aike ka.

Maganar lotsawa kuma, ka yanka zobe na filawud ka cusa a tsakiyar durom daga ciki, zai tokare shi.

Musa Mai Walda:
Ko ka nemi na ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da zoben matsewa, shi ba ya lotsawa. Amma ku ji wannan da kyau, ba wasa a ciki. Duk durom ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur ko tina ko wani sinadari, kada wanda ya kusance shi da giranda ko walda, ko da ya shekara a bushe. Ruwan ya ƙare amma tururin yana nan. Ina yaro a wurin maigidana wani ya kawo irinsa a yanka masa, ya rantse ya wanke. Wuta na taɓawa murfin ya tashi ya fasa kwanon rumfa, wanda ke riƙe da shi har yau kunnensa ɗaya ba ya ji. Tun ranar ban ƙara yarda da "na wanke" ba, sai na san abin da aka zuba a ciki.

Abba Ɗan Poly:
Kun san Baturen Ingilan nan mai kamfanin Dyson ma a wurin yankan katako ya ga irin wannan mazurarin, ya je ya ƙanƙanta shi ya sa a injin shara? Samfuri 5,127 ya yi kafin ya dace. Saboda haka Oga Auwalu saura maka 5,126.

Auwalu Kafinta:
Kai Abba, Allah ya shirye ka. Kuɗin durom na biyu ma ban da shi.

Injiniya, wata tambayar. Bakin injin yankana inci 2 ne, sai na rage fayif ɗin daga 4 zuwa 2, na ja tiyo mai lanƙwasa kamar taku goma. Akwai laifi?

Injiniya Kabiru:
Babba ma. Mutane suna ɗauka inci 2 rabin inci 4 ne. A faɗin baki haka ne, amma a hanyar da iska ke bi kashi ɗaya cikin huɗu ne. Bulowa irin taka yawan iska take bayarwa, ba ƙarfin zuƙa ba, in ka shaƙe ta da siririn tiyo ta zama hoto. Injin shara na gida shi ne akasin haka, shi ya sa yake jure siririn tiyo. Ana so iska ta riƙa gudun kusan mita 20 a daƙiƙa a cikin fayif kafin ta ɗauki ɓawo ba tare da ya kwanta a hanya ba, kuma guguwar cikin durom ma da wannan gudun take rayuwa. Ka faɗaɗa bakin injin ya koma inci 4, ai kai kafinta ne, akwatin filawud kawai za ka yi masa a ƙasa. Tiyo mai ƙunƙurai ka rage shi iya yadda za ka iya. Inda za ka yi kwana kuma, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai 90.

Maman Hanif (ma'aikaciyar jinya, Gombe):
Salamu alaikum. Maigidana ne ɗan wannan zaure, da wayarsa nake rubutu, ya ce in yi magana tun da a gida na dame shi. Baba Ɗanjuma, da girmanka, a gafarce ni: madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu take zuwa, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Abinci ce mai kyau amma ba ta wanke ƙirji.

Abin da nake so ku lura, ƙurar da durom ɗinku zai kama ita ce wadda ido ke gani, kuma ba ita ce ta fi cutarwa ba. Kaurin gashin kai ya kai kamar maikuron 70 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Wadda ke wuce hanci ta gangara ƙirji ba ta wuce maikuron 10 ba, wadda ke kaiwa can ƙarshen huhu ta fi haka ƙanƙanta nesa. Irin wannan tana daɗewa tana yawo a ɗaki bayan an kashe inji. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ƙurar katako a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci, kuma an fi ganin haka a masu aiki da katako mai tauri. Ba a rana ɗaya take zuwa ba, shekaru take ɗauka. Wadda ta fi saurin bayyana ita ce asma, kuma katakon obeche da na iroko sun yi suna a kanta.

Ku yi durom ɗinku, yana da amfani. Amma lokacin sanfefa da yankan MDF a sa takunkumi na gaske, N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska. Na yadi da muka sa lokacin korona ba na wannan aikin ba ne. Yaron nan kuma in tarin ya kai mako biyu, a kai shi asibiti a duba, kada a tsaya kan cewa ƙura ce kawai.

Baba Ɗanjuma:
'Yata, na ji. Madara dai ba zan daina sha ba. Amma gaskiya ɗaya ce, itacen mansoniya kam mun san halinta. Duk ranar da muka yi aikinta sai atishawa har da haɓo, wani ma jiri yake yi. Muna cewa ƙarfin itacen ne. Kuma abokan aikina biyu da muka tashi tare, numfashi ne ya zaunar da su. Allah ya jiƙan wanda ya rigaye mu.

Maman Hanif:
Amin Baba. Allah ya ƙara lafiya.

Sadiq Furniture:
To ni ban da buhu ma gaba ɗaya, fayif na fitar ta bango, mai laushin ta tafi waje. Iska ta fi ƙarfi a haka.

Auwalu Kafinta:
Kai bayan shagonka fili ne. Ni bayan nawa wata baiwar Allah ce ke suyar ƙosai da safe, gefe kuma tela. In na huro musu garin MDF ai sai a gaban mai unguwa.

Abba Ɗan Poly:
Me zai hana a tsoma bakin fayif ɗin fita a cikin bokitin ruwa? Ƙura ta jiƙe ta zauna.

Injiniya Kabiru:
Kowa sai ya kawo wannan shawarar, kuma a takarda tana da kyau. Matsalar, irin wannan bulowar da ƙyar take iya tura ruwan da ya kai zurfin taƙi ɗaya. Ka tsoma fayif santimita 10 kawai, ka cinye kusan rabin ƙarfinta, sai guguwar ta mutu, zuƙar ma ta mutu. In ka tsoma shi sama-sama kuma, ƙurar tana cikin kumfa za ta fito abinta. Malam Auwalu, ka bar buhu amma ka canza shi: yadi mai kauri, dogo, ya fi na yanzu girma sau biyu ko uku, don iska ta sami wurin fita a hankali. Ka rataye shi a wajen ɗaki ta gefen da ba kowa, ka riƙa kakkaɓe shi bayan an tashi, da takunkumi a fuskarka.

Hajiya Mai Kaji (Gwallameji):
Ni tawa buƙatar daban ce. Ina sayen ɓawon filena buhu-buhu don shimfiɗar kaji. In durom ɗin nan zai haɗa min da garin MDF da na sanfefa, to kun ɓata min kaya. 'Yan tsaki suna tsattsagar mai laushin, kuma yana sa su mura. Na taɓa karɓar irin wannan haɗin daga wani shago, ban ji daɗin zagayen nan ba sam.

Sadiq Furniture:
Hajiya tana da gaskiya. MDF gari ne da aka matse da gam mai sinadarin fomaldihaid, bai dace da ƙarƙashin kaji ba, bai dace da murhun da ake girki ba. Ni durom biyu gare ni, murfi ɗaya. Ranar filena in ɗora a kan na Hajiya, ranar MDF in ɗora a kan na bola.

Musa Mai Walda:
Kuma kada wani ya ce zai wasa kurfi ko ya yanka ƙarfe kusa da bakin tiyo. Tartsatsi ɗaya ya shiga durom, zai kwanta a cikin gari yana ci a hankali ba hayaƙi, sai tsakar dare. A juye shi kullum kafin a kulle shago.

Sadiq Furniture:
Da hunturu kuma fayif ɗin roba yana ɗan jan mutum in ya taɓa, kamar rigar leda. Na naɗa masa wayar tagulla na haɗa da jikin bulowa, ya ragu.

Auwalu Kafinta:
Salam. Kwana tara ke nan, na dawo da rahoto. Na yi faifan Sadiq, na mayar da fayif ɗin shiga ta gefe, na yi wa injin yanka akwati. Gwajin maganin sauro ya ba ni kunya: wuri huɗu hayaƙi ke shigewa, ɗaya ma ta jikin kusoshin da na rataye faifan ne, ban taɓa kawo su a rai ba. Na bi su da silikon.

Sai na auna da mudu. Na zuba mudu 20 na ɓawon filena da garin zarto a ƙasa na zuƙe, na buɗe durom na sake aunawa: 19 da ɗan kai, buhu kusan ba komai. Na maimaita da garin sanfefa zalla, mudu 10: bakwai ne suka zauna, sauran suna buhu. Saboda haka Oga Musa bai yi ƙarya ba, mai laushin tana wucewa.

Abin da ya fi tsaya min a rai, bayan magariba na kashe fitila na haska tocilan a tsakiyar shago. Ƙasa fes, benci fes, amma cikin hasken nan ƙura ce ke yawo kamar ana yayyafi, kusan rabin awa da kashe inji. Na kira Isiya ya gani da idonsa, tun ranar ban ƙara yi masa faɗa kan takunkumi ba. Tarin nasa ya lafa, Maman Hanif, mun je an duba shi.

Matsala ɗaya ta rage. Jiya ya bar durom ya cika har ya taɓo faifai, komai ya wuce buhu, muka yi awa guda muna zazzagewa.

Sadiq Furniture:
Yanka 'yar taga a jikin durom, kamar taƙi ɗaya ƙasa da faifai, ka toshe da robar da ake gani ta cikinta da silikon. In gari ya rufe tagar, a juye.

Musa Mai Walda:
Bakwai cikin goma. Da mazurarina ne da tara za ka ƙirga. In ka ɗaga rumfa ka neme ni.

Hajiya Mai Kaji:
Auwalu a ajiye min buhu biyar na ɓawon, banda na MDF. Direba zai biyo ranar Alhamis.

Baba Ɗanjuma:
Auwalu, turo min Isiya ranar Asabar da tef ɗinsa ya auna min wuri. Jikokina biyu ne a shagon yanzu. Kada ya sayo roba, ina da durom na ƙarfe a bayan gida.

Musa Mai Walda:
Baba, me aka taɓa zubawa a cikinsa?

Baba Ɗanjuma:
Man gyaɗa ne, Musa. Ni na shanye rabinsa.